Yadda Ake Kare Renon Tumatir, Tattasai da Attarugu Daga Sanyin Daren Hunturu

Duk wanda ya taɓa yin renon iri a ƙasar Daura tsakanin tsakiyar Disamba da ƙarshen Janairu ya san wannan damuwar: mutum ya zuba irin attarugu, ya yi ta ban ruwa safe da yamma, mako biyu ya wuce, na uku ya kama, amma shiru kake ji kamar an shuka dusa. Yawanci sai a fara zargin wanda ya sayar da irin, alhali kuwa sau da yawa irin lafiyarsa ƙalau, ƙasar da aka zuba shi ce ta yi sanyin da ba zai iya motsi a cikinta ba. Da rana, ko a tsakiyar hunturu, zafi yakan kai kusan digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos a yankinmu, amma da dare, musamman gab da kiran assalatu, yakan sauko zuwa 12 ko 13, wani daren ma ƙasa da haka. Wannan tazarar ce take wahalar da reno, kuma ita ce take ba mu mafita, domin zafin da ake buƙata da dare yana nan a banza da rana, abin da ya rage shi ne a san yadda za a tara shi a kuma hana shi gudu.

Yana da kyau a fara sanin abin da kowane iri yake so. Irin tumatir yakan tsiro cikin kamar kwana 6 idan zafin ƙasa yana wajen digiri 25, amma idan ya sauka zuwa 15 sai ya ɗauki kusan mako biyu, idan kuwa ya kai 10 to ana iya wuce wata guda ana jira. Tattasai ya fi shi raki, domin a digiri 25 yana buƙatar kamar kwana 8, a 15 kuwa ya haura mako uku. Attarugu shi ne sarkin nawa a cikinsu, ko da yanayi ya yi masa daidai ba ya gaggawa, balle ƙasa ta yi sanyi. Bayan tsiro ma sanyi bai bar su ba: idan ka juya ganyen ƙaramin tumatir ka ga bayansa ya koma ruwan hoda mai duhu kamar bawon gauta baƙi, sau da yawa alama ce ta cewa saiwa ta yi sanyi har ta kasa zuƙar sinadarin fosfaros da ke cikin ƙasa, ba wai takin ne ya yi kaɗan ba, don haka ƙara masa takin zamani a wannan halin asarar kuɗi ce.

Mataki na farko: a auna kafin a kashe ko sisi

Ka nemi ƙaramin ma'aunin zafi, irin na dijital da masu kiwon kaji suke ratayewa a ɗakin 'yan tsaki, zai fi kyau idan yana da waya mai kai da za a iya cusawa cikin ƙasa, kuma yana riƙe mafi ƙarancin zafin da aka samu a daren. Ka cusa kan wayar cikin ƙasar reno kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ka duba shi sau uku a rana har kwana uku: bayan sallar asuba, da azahar, da kuma bayan isha'i. Abin da kake nema shi ne kada ƙasar ta sauka ƙasa da digiri 18 da asuba idan iri bai tsiro ba tukuna, kuma kada ta sauka ƙasa da 15 bayan ya tsiro. Jikin mutum ba abin dogaro ba ne a nan, domin wanda ya fito daga cikin bargo komai sanyi zai yi masa, wanda kuma ya dawo daga masallaci da sauri zai ji ɗakin da ɗumi alhali ƙasar tiren ta yi sanyi ƙarara.

Mataki na biyu: zaɓen wuri

Idan a cikin ɗaki za a yi renon, ɗakin ƙasa mai rufin soro ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano nesa ba kusa ba. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ta riƙe shi, ta riƙa sakinsa cikin ɗaki har tsakar dare, shi ya sa tsofaffin gidajen cikin birnin Katsina da na Daura suke da ɗumi a hunturu da sanyi-sanyi a bazara. Kwano kuwa da zarar rana ta faɗi ya huce, kuma idan babu silin a ƙarƙashinsa, zafin ɗakin ta nan zai bi ya fice. Wanda ba shi da sai ɗakin kwano, to ya ɗaura igiyoyi a ƙasan rufin ya shimfiɗa tabarmi ko buhunan algarara a kai, ko kwalaye da aka buɗe aka haɗa, domin su zama masa silin na wucin gadi.

Sai dai ɗaki yana da aibinsa, wato ƙarancin haske. Iri kafin ya tsiro ba ruwansa da haske, amma daga ranar da ya fito, idan bai samu rana ba sai ya yi ta miƙewa, ya yi siriri ya yi fari, ya kwanta da kansa. Saboda haka hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce a yi renon a cikin tire ko ƙananan ledoji, a ɗora su a kan faffaɗan katako da mutum biyu za su iya ɗauka, a fitar da su rana da hantsi, a mayar ɗaki kafin magariba. Wanda renonsa ya fi ƙarfin ɗauka, sai ya yi shi a waje a jikin katanga, kuma a nan akwai abin lura. A watannin hunturu rana tana karkata ta kudu, iska kuma tana kaɗowa daga arewa maso gabas, don haka gefen katangar da ke fuskantar kudu shi ne wurin da ya dace, yana samun rana yini guda, katangar kuma ta tare masa iska, da dare ta riƙa hura masa ɗumin da ta sha.

Mataki na uku: toshe kafofi da ɗaga reno daga daɓe

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. A cusa tsumma a ƙasan ƙofa, a rufe taga da kwali ko buhu, a liƙe ramukan da ke tsakanin katanga da rufi ta gefen arewa da gabas. Kada a ajiye tire kai tsaye a kan siminti, domin iska mai sanyi ƙasa take kwanciya, simintin kuma yana zuƙe ɗumin da ke gindin tiren. A sa buhun da aka cika da ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi ko garin katako a ƙasa, ko a ɗora katakon a kan bulo biyu aka cusa ciyawa a ƙarƙashi. A lura da ɓera, domin duk inda aka tara ƙaiƙayi da ɗumi ya samu gida, kuma yana tone iri.

Mataki na huɗu: tara zafin rana a cikin ruwa

Wannan ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne mafi arha. Babu wani abu da ke hannun manomi da ya kai ruwa riƙe zafi. Idan aka kwatanta da ƙasa busasshiya ko dutse masu nauyi ɗaya, ruwa yana riƙe ninki huɗu zuwa biyar. Jarka mai cin lita 25, idan ta yi ɗumi da rana sannan ta huce da digiri 10 a cikin dare, zafin da ta saki ya kusan kai na ƙwan lantarki mai wat 60 da aka kunna awa biyar. Jarka huɗu ke nan sun kusan kai ƙwai mai wat 100 da ya kwana a kunne tun daga magariba har wayewar gari, ba tare da waya ko batir ko kuɗin wata ba.

Yadda ake yi shi ne a samu jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake zuba man girki, a wanke su, a shafa musu baƙin fenti ko a sa su cikin baƙar leda mai kama jiki, a cika su da ruwa a rufe da murfi sosai. Rufewar tana da muhimmanci, domin ruwan da aka bari a buɗe iskar hunturu tana busar da shi, kuma bushewar sanyaya shi take yi, wato dai abin da ke sa ruwan randa da na tulu sanyi. Saboda wannan dalilin ne randar ƙasa ba ta dace da wannan aikin ba sam, aikinta kishiyar abin da muke nema ne. Da hantsi a jera jarkokin a rana a jikin katangar kudu, inda iska ba ta dukansu. Da la'asar sakaliya, tun rana ba ta yi sanyi ba, a shigar da su a jera su kewaye da tiren reno, ko kuma, abin da ya fi, a kwantar da su a ɗora katakon reno a kansu, yadda ɗumin zai riƙa shiga ta gindin tire kai tsaye zuwa saiwa. Wanda yake da yara a gida, robobin lemo na lita ɗaya da rabi ma suna aiki, a jera su tsakanin layukan ledoji, sai dai suna saurin hucewa, don haka su taimako ne ga manyan jarkoki, ba madadinsu ba.

A daren da aka ga alamar sanyi zai yi tsanani, wato sama ta washe, taurari sun fito tar, iska ta kwanta, ana iya ɗumama ruwa a kan ragowar wutar tuwon dare a juye a jarka ɗaya ko biyu. Kada ya zama tafasasshe, domin yana lanƙwasa roba kuma yana iya dafa saiwar da ke kusa. Idan hannu zai iya jure shi, ya isa. Irin wannan daren, mai sama a washe, ya fi daren da hazo ya yi kauri haɗari, saboda ƙasa tana sakin zafinta zuwa sama ba tare da wani abu ya tare shi ba.

Mataki na biyar: lulluɓi, da lokacin yinsa

Ɗumama ɗaki gaba ɗaya domin tire goma wahala ce marar amfani. Abin da ake so shi ne a yi ƙaramin ɗaki a cikin ɗaki. A lanƙwasa sandunan dalbejiya ɗanye ko siraran rodi a yi baka a kan renon da jarkokin gaba ɗaya, tsayinsa kada ya wuce kamu ɗaya da rabi, a yafa farar leda a kai a danne gefunanta da bulo. Iskar da ke ciki kaɗan ce, don haka ɗumin jarka zai ishe ta.

Kuskuren da mutane da yawa suke yi shi ne tsayawa a kan ledar kaɗai. Leda tana tare iska, amma zafi yana ratsa ta ya fita da dare kusan kamar babu ita, musamman a waje. Dole a ɗora mata wani abu mai kauri: buhunan algarara, tsohon bargo, zana, asabari, ko tabarmar kaba biyu. Ledar tana ciki, mai kaurin yana waje, kuma kada ledar ta taɓa ganye, domin gumin da ke taruwa a jikinta yana ɗiga ya kawo cuta. Lokacin rufewa kuma kafin faɗuwar rana ne da kamar awa guda. Wanda ya bari sai bayan isha'i ya rufe, sanyi ya rufe a ciki.

Buɗewa da safe ta fi rufewa haɗari, kuma a nan na taɓa yin asara. Wata shekara na yi sammakon zuwa kasuwar Mai'aduwa, na yaye buhunan da ke sama na bar ledar a rufe a rana da niyyar renon ya ƙara ɗumi kafin in dawo, sai hidima ta riƙe ni har bayan azahar. Da na ɗaga ledar, wani tururi ne ya bugi fuskata, tire shida na tattasai masu ganye huɗu-huɗu duk sun kwanta laƙwas kamar alayyafon da aka zuba wa ruwan zafi, ƙasarsu kuma da ɗumi kamar an sauke ta daga murhu. Kawuna da ya leƙo ya gani bai ce komai ba sai, "Ɗana, ai ba sanyi ya ci maka su ba, kai ka dafa abinka." Ƙarƙashin rufaffiyar leda a ranar hunturu zafi yana iya haura digiri 40 cikin ɗan lokaci. Don haka da rana ta ɗaga a yaye mai kaurin, da hantsi kuma a ɗage gefen ledar na kudu ko na yamma domin iska ta shiga, a bar gefen arewa a danne. A riƙa goge ƙurar da ke kwanciya a kan ledar duk bayan kwana biyu, domin hazo yana iya mayar da farar leda ja ya rage hasken da ke shiga.

Mataki na shida: gadon taki, ga mai babban reno

Wanda yake renon da zai dasa kadada ɗaya ko fiye, kamar masu noman rani a bakin madatsar Sabke ko ta Ajiwa, jarka ba za ta wadace shi ba. A nan tsohuwar dabara ta gadon taki take da amfani, kuma mu a ƙasar Katsina da Daura, inda ake ɗaure dawakin hawan sallah a gidaje da yawa, kayan aikin ba su da wuyar samu. Ɗanyen kashin doki ko na jaki da aka cuɗa da ciyawa, idan ya jiƙa ya fara ruɓewa, zafi yake fitarwa na makonni.

A haƙa rami mai zurfin kamar santimita 60, faɗinsa mita ɗaya, tsawonsa gwargwadon buƙata. A cuɗa ɗanyen kashin da ciyawa ko ƙaiƙayi kusan rabi da rabi, a yayyafa ruwa har ya jiƙa yadda idan aka matse a hannu zai dunƙule amma ruwa ba zai zubo ba, a zuba a ramin har kaurin santimita 40 zuwa 45 ana tattakawa sama-sama. A kawo ƙasar reno mai laushi a zuba a kai kamar santimita 15. Daga nan sai haƙuri, domin a kwanakin farko zafin cikin takin yana iya haura digiri 50, kuma yana fitar da wari mai hawa kai wanda ke ƙone tsiro. A jira kamar mako guda ana aunawa, sai ƙasar sama ta tsaya tsakanin 25 da 30 sannan a zuba iri, ko a jera tire a kai. Takin da ya riga ya ruɓe ya zama baƙi ba zai yi wannan aikin ba, ƙarfinsa ya ƙare. Kashin kaji kuma yana da zafi ainun, idan za a sa shi to kaɗan, a cikin ciyawa mai yawa. Wannan gadon a waje ake yinsa ko a rumfa, ba a ɗakin da ake kwana ba. Idan reno ya tashi, abin da ke cikin ramin ya zama taki mai kyau na kai wa gona.

Mataki na bakwai: ban ruwa

A hunturu ban ruwan yamma ga reno illa ne. A yi shi da hantsi, da ruwan da ya ɗan sha rana, ba wanda ya kwana a buɗaɗɗen bokiti ba, yadda kafin dare saman ƙasar ya sha iska. Ƙasa mai danshi daidai ta fi busasshiya riƙe ɗumi, amma ƙasa mai sanyi da ta jiƙe sharkaf ita ce gidan cutar nan da ke cin gindin tsiro, wadda za ka wayi gari ka ga karan tsiron ya tsuke daidai bakin ƙasa kamar an ɗaure shi da zare, tsiron ya faɗi. Idan ta bayyana a cire waɗanda suka kamu tare da ƙasarsu, a rage ruwa, a ƙara buɗe leda da rana.

Mataki na takwas: wuta da lantarki

Na bar wannan a baya da gangan, domin shi ne abin da mutane suke fara tunani, kuma shi ne ya kamata ya zo ƙarshe. Kaskon gawayi ko kurfoti a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma ita ce take kashe mutane a cikin barci a lokacin sanyi. Mun toshe kafofin ɗakin da hannunmu a mataki na uku, don haka haɗarin ya ninka. Risho da fitilar kananzir su ma hayaƙinsu yana cutar da tumatir, ganyensa ya lanƙwashe ƙasa kamar mai ƙishirwa alhali ƙasa a jiƙe take. Ga kuma leda da buhu da ƙaiƙayi a wuri ɗaya, a lokacin da komai ya bushe ƙayau. Idan ana son amfani da wuta, a yi ta a waje, a ɗumama ruwa ko bulo na ƙasa a kanta, a naɗe bulon da buhu a shigar da shi.

Wanda yake da lantarki ko sola mai batir yana iya rataye ƙwai irin na da, mai zare a ciki, mai wat 60, a cikin bakan, nesa da leda da ganye da aƙalla taƙi ɗaya da rabi, wayarsa kuma ba ta taɓa ruwa. Ƙwayayen zamani masu tsimin wuta haske suke bayarwa, zafinsu kaɗan ne, ba za su yi wannan aikin ba. Idan tsiro ya riga ya fito, a kifa wa ƙwan gwangwani mai huji domin a rage hasken, tsiro ma yana buƙatar duhun dare. Ko da akwai ƙwan, kada a janye jarkokin, domin idan wuta ta ɗauke ƙarfe uku na dare su ne za su riƙe renon zuwa safiya.

Mataki na tara: sabar da reno da waje kafin dashe

Tumatir yakan isa dashe cikin mako huɗu zuwa biyar, tattasai da attarugu kuwa shida zuwa takwas, kuma sanyi yana iya ƙara musu kwanaki. Renon da ya tashi cikin lulluɓi bai san iskar fili ba, idan aka cire shi kai tsaye aka kai fadama zai yi yaushi, wani ya mutu. Saura kwana bakwai zuwa goma a yi dashe, a fara janye gatan a hankali: daren farko da na biyu a rage jarka, na uku da na huɗu a cire mai kaurin a bar leda, daga nan a ɗage gefen ledar, kwana biyun ƙarshe kuma a bar shi a fili a jikin katanga, ana rage masa ruwa kaɗan-kaɗan ba tare da an bari ya yi yaushi ba. Idan a cikin kwanakin aka samu daren da sama ta washe iska ta kwanta, a mayar da buhu na wannan daren, a ci gaba washegari. Ranar dashen a jiƙa tiren sosai da safe, a yi dashen da la'asar, a bi shi da ruwa nan take.